Tukunyar da Inna Ta Sauke a Bompai

Juma'a: Panshekara

Mun fita daga gida ƙarfe shida da minti biyar na safe, gari bai waye ba, ni da Inna, kakata ta wajen uba. Sanyi har cikin haƙora. Umma ta ɗaura mini tsohon agogon Baba, ta cusa ƙyalle a ƙarƙashin igiyar don kada ya zame. Inna ta ɗora ƙulli biyu a ka, ni na rungumi ɗaya. A kowane ƙulli akwai sabuwar dawa kwano biyu, wake kwano ɗaya, da ɗan riɗi a tsumma, duk daga gonarta ta ƙauye, can wajen Rano.

Ga dalilin tafiyar. A bara injin saƙa ya kama hannun Baba na dama a wata masaƙa a Challawa, ya rasa yatsu uku, ya rasa aikin. Mutum uku suka tsaya masa: wanda ya kashe injin, wadda ta kai shi asibiti, da wani injiniya Ba'indiye a Bompai da ya ɗauke shi gwajin wata uku, yana duba ma'aunin tukunyar tururi. Ranar Litinin gwajin zai ƙare, a riƙe shi ko a sallame shi. Mu bakwai ne a gidanmu, kuma da aikin nan kaɗai muka dogara.

Inna ta ce in an yi kaka, mai alheri ake fara kai wa. Aka haɗa ta da ni saboda abu biyu. Ina ɗan jin Turanci, kuma Baba ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa. Dole a sami mai faɗa a bakin ƙofa. Malamarmu kuwa ta ce mu rubuto yadda mutanen duniya ke bikin kaka da na hunturu kafin hutu ya ƙare. Ni dai abin da na gani a kwana biyun nan shi na rubuta.

A bakin titi muka sami motar ma'aikata. Direbanta Malam Tanko maƙwabcinmu ne.

"Inna, yau ke ma kin sami aiki a kamfani ne?"

"Na samu. Ni ce sabuwar manaja. Ja mu tafi, ka makara."

Ma'aikata suka yi dariya, suka matsa mana. Bai karɓi ko kobo ba.

Challawa

Mil biyu da ɗan wani abu ne, mun isa bakwai saura kwata. Tun kafin ka ga kamfanonin za ka ji warin majema. Ruwan kwalbati kala biyu ne, ja a gefe ɗaya, shuɗi a ɗaya, suna tafiya tare ba su gauraya ba. Masu kekuna suna ta shigowa daga ƙauyuka, kowa ya naɗe kunnuwansa da tawul.

Mai gadin masaƙar ya tambaye mu daga wajen wa.

"Daga wajen yaron nan," in ji Inna.

"Wane yaron, Iya? Yara sun yi yawa a ciki."

Ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ce, "Malam Garba mai saƙa." Sai da ya sa na maimaita, don bai ji ba.

Ƙarfe bakwai jiniya ta yi kuka, masu aikin dare suka fito. A cikinsu akwai Oga Sande, makanikin injina, mutumin Ibo, gajere, auduga ta maƙale masa a gashin gira. Shi ne ya kashe injin. Da na faɗa masa ko mu su wane ne, sai ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna. Ta miƙa masa ƙulli, ya ja da baya.

"Mama, ni maɓalli kawai na danna."

"Mutum nawa ne a wurin ranar?"

"Kamar ashirin."

"Su sun danna?"

Ya karɓa. Ya zaunar da mu a bencin mai koko, ya saya mana koko da ƙosai, na kobo goma-goma. Ya ce makonsa ɗaya da dawowa daga garinsu, ya je Kirsimeti. Kwana biyu a mota. A lokacin nan, in ji shi, duk ɗan garin da ke Kano, da na Ikko, da na ƙasar waje, sai ya koma, har wurin shimfiɗa tabarma ya yi wuya. A yanka awaki, a dafa shinkafa, a yi aure, a sasanta masu faɗa. Amma babban bikinsu na noma da damina ake yi, na sabuwar doya. Ko yunwa za ta kashe ka, ba ka taɓa sabuwar doya sai dattijon gari ya gasa ta, ya tsoma a manja, ya fara ci.

"Ashe ku ma kun san ladabi," in ji Inna.

"Mama, mu muka ƙirƙiro shi."

"Ƙarya kake, ɗan nan." Ta ciro goro ɗaya ta ƙara masa a kan ƙullin.

Sharaɗa

Takwas da kwata muka hau motar kiya-kiya, kobo ashirin kowa, ƙulli kobo goma. Inna ta ce ƙullin a cinyarta yake, ba a kujerarsa ba. Suka yi ta yi da mai karɓar kuɗi har ya haƙura. A rabin hanya akwai shingen 'yan sanda. Wani ya leƙo ta taga.

"Me ke cikin ƙullin, Iya?"

"Dawa ce, ɗana. Ka san ta, ko ka daɗe a birni?"

Ya yi murmushi ya buga jikin motar, muka wuce. Tara saura minti goma muka sauka, mil shida ke nan daga Challawa.

Sharaɗa ƙamshin ƙonannen sukari take yi, a layin da muka bi dai. Gidan Madam Mari yana bayan kamfanin alewar mijinta. Mutanen Lebanon ne, waɗanda muke kira Kwarori, amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Ita ce ta tsaya ta ɗauki Baba a titin Challawa ranar da motoci uku suka ga jini suka wuce.

"An ce ya ɓata miki kujerar mota," in ji Inna.

"An wanke, Inna. Ya hannun nasa?"

"Yana nan."

Aka kawo gahawa baƙi a kofi ƙarami kamar murfin kwalba. Inna ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye a ƙarƙashin kujera. Ni idona yana kan taga. Akwai faranti huɗu jere, kowanne da ciyawa tsawon yatsa, ta fara yin rawaya. Ba ƙasa a ƙarƙashinta, auduga ce. Madam ta ga ina kallo.

"Alkama ce. Mako uku kafin Kirsimeti kowane gida a wajenmu yake shukawa a kan auduga. Can a kan duwatsu ƙanƙara ke rufe komai, ba ka ganin kore ko ɗaya. Sai ka shuka naka a ɗaki. In ta fito da kyau, mu ce shekara za ta yi kyau. Ranar shukar kuma a dafa alkama da sukari a raba wa maƙwabta."

Inna ta tashi ta murza ganyen da yatsa.

"Yaushe ake girbe ta?"

"Ba a girbewa."

"Shuka ba ƙasa, ba taki, ba girbi." Ta girgiza kai. "To, Allah ya ba da sa'a."

Madam ta yi dariya har da hawaye. Inna ta miƙa mata ƙullinta. Da za ta raka mu, ta nuna mana katangar maƙwabtansu, 'yan Sin masu kamfanin kwanuka. Wani yana kan tsani yana shafa wa ƙofa jan fenti. Ta ce sabuwar shekararsu tana zuwa a ƙarshen sanyi, komai sai ya zama ja, har kuɗin da suke ba yaran ma'aikata a jar takarda suke naɗe shi. Ta cika mini gefen gyale da alewa.

Dakata

Sha ɗaya muka bar Sharaɗa don mu ratsa gari kafin a tare hanya saboda Juma'a. Mota biyu muka hau, mun canza a 'Yankura. Ɗaya da minti goma muka isa Dakata, gidan Goggo Hajara, ƙanwar Baba. A nan Baba ke kwana ranakun aiki, don Panshekara ta yi nisa da Bompai. Gidan yana bayan wani sito. Duk babbar motar da ta wuce sai kwanukan Goggo sun yi ƙara a kan kanta. Mun ci shinkafa da wake da mai da yaji.

Bayan la'asar Baba ya dawo. Ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. Da ya ji gobe gidan injiniya za mu, sai ya ajiye butar da ke hannunsa.

"Inna, don Allah ku gaishe su, ku ajiye ƙullin, ku fito. Kada ku yi maganar aiki. Mutumin nan ba ya son a bi shi gida. Akwai wanda ya tura kawunsa roƙo, washegari aka sallame shi."

"Wa ya ce don kai na zo?"

Ya juyo gare ni. "Saude, gobe ke ce bakinta. Ki tauna kafin ki faɗa."

Na ce to. A ɗakin Goggo muka kwana, ni da Inna tabarma ɗaya, bargo ɗaya, ita ta ja kashi biyu cikin uku.

Asabar: Bompai

Baba ya riga mu fita, aikin safe yake. Mu shida da rabi muka tashi, kiya-kiya kobo goma, sauran muka taka. Bakwai da minti goma muna ƙofar gidan, a wani layi mai itatuwan mangwaro bayan kamfanin su Baba. Mai gadin Buzu ne. Ya ce, "Yau bikinsu suke, amma ku shiga, ba sa korar baƙo yau."

Tsakar gidan an share ta tas, an yi zane a ƙasa da farin gari, kamar zanen ƙwarya. Saura kaɗan Inna ta taka, na ja zanenta. An jingina rake guda uku, an ɗaure kawunansu. A ƙarƙashi ga murhu na duwatsu uku irin namu, da sabuwar tukunyar ƙasa, an ɗaura mata ganye da saiwar kurkum a wuya. Injiniya Raman yana tsaye da farin zane a ƙugu, ba takalmi. Ban zaci haka zan ga mutumin da Baba ke tsoro ba. Ga matarsa, ga 'ya'yansu mata biyu, ga wasu Indiyawa kamar shida.

Na gaishe shi da Turanci, na faɗi sunan Baba. Ya ɗaga gira, ya nuna mana benci, ya ce mu ɗan jira. Ya koma kallon tukunya.

Madara ce a ciki. Ta fara tasowa. Matar ta ƙara itace.

"Ke," Inna ta ce a kunnena, "za ta zube fa."

Kumfa ta kawo wuyan tukunya. Ba wanda ya motsa.

"Sun zuba mata ido kamar masu kallon dambe. Matar nan ba ta iya girki ba ne?"

Kafin in buɗe baki ta miƙe. Ta naɗe hannuwanta da mayafi, ta ratsa tsakanin mutane, ta ɗauke tukunyar cak, ta dire ta a ƙasa. Kumfar ta kwanta.

Matar ta rufe baki da hannu. Ƙaramar yarinyar ta fara taɓe baki za ta yi kuka. Injiniya ya dubi agogonsa, ya dubi Inna, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Faɗa musu ba komai," in ji Inna, tana karkaɗe mayafi. "Allah ya sa ina kusa."

Ban faɗa ba. Ina tsaye ina haɗa abin da na gani. Ba ludayi a hannun matar, ba murfi a kusa. Da madarar ta taso, wuta ta ƙara, ba ragewa ta yi ba. Yaran kuma kowace tana riƙe da faranti da cokali a sama, sai yanzu suka sauke. Na matsa kusa da matar, na tambaye ta ko so suke ta zube.

Ta gyaɗa kai. A hankali ta yi mini bayani, don in gane. Bikin kakarsu ne, Pongal suke kiransa. Ana dafa sabuwar shinkafa da madara a sabuwar tukunya, a bar ta ta tumbatsa. In ta zuba, albarkar shekara za ta yi yawa har ta zuba. In ba ta zuba ba... Nan ta tsaya. Akwai kuma lokacin da ba a so ya wuce, shi ya sa mijinta ke duban agogo.

Na koma wajen Inna na faɗa mata.

"Madarar? Da gangan?"

"Da gangan, Inna."

"Madarar shanu?"

"Eh."

Ta dubi tukunyar, ta dubi injiniya. Sai ta rage murya, yadda ban taɓa jin ta yi ba.

"Na ɓata wa yaron nan?"

Ba ta jira amsa ba. Ta sake naɗe hannu, ta mayar da tukunyar. Amma wutar ta warwatse, itacen kuwa guntayen katakon akwati ne, sai hayaƙi. Wani Ba'indiye ya kawo jarida yana fifitawa, ta ture shi da gwiwar hannu. Ta durƙusa, ta zare katako biyu, ta gyara bakin sauran, ta tsinko busasshen ganyen rake ta cusa, ta yi bismilla, ta hura sau uku. Wuta ta tashi tsaye.

Minti huɗu na ƙirga. Kumfa ta sake hawowa. Inna ta mai da hannuwanta baya, ta riƙe ɗaya da ɗaya, ta runtse ido. Madara ta haura baki, ta gangaro ta gefen gabas, ta yi "cuu" a kan duwatsu. Gaba ɗaya suka ɗauki ihu da sunan bikin, yaran suna buga faranti.

"Astagfirullah," in ji Inna, idonta a rufe. "Madara."

Matar ta zuba shinkafa da mazarƙwaila. Da ya nuna, ta ɗebi na farko ta kai gefe don ibadarsu, mu muka kau da kai. Sannan ta zuba mana a ganyen ayaba. Inna ta tambaya ko da nama, na ce ba sa cin nama. Ta ce, "Da sunan Allah na hura wutar, da sunansa zan ci." Ta cinye tas. Zaƙinsa ya fi na kunun zaƙi.

Aka kwance ƙullin. Matar ta tsoma hannu cikin dawar, ta ce suna da irinta a garinsu, uwarta tana yin waina da ita. Injiniya ya tambaye mu yaya muke namu bikin. Inna ta ce in faɗa masa kalankuwa: in an gama kai dawa rumbu, an fitar da zakka, sai samari su kira makaɗa, a yi kwana uku ana kokawa da dambe, 'yan mata su fito da sabbin zannuwa, kowane gida ya dama fura, baƙo ya sha har ya ƙi. "Ki ce masa mu ma muna so rumbu ya cika har ya yi tozo. Amma in ƙwaya ɗaya ta faɗi, tsincewa muke." Na faɗa. Ya yi 'yar dariya, ta farko tun zuwanmu.

Inna ba ta yi maganar aiki ba. Tara da rabi muka yi sallama, aka ba mu rake ɗaya. A bakin ƙofa injiniya ya kira ni, fuskarsa ta koma yadda take. Ya ce in gaya wa babana ranar Litinin ya zo da hoto guda biyu, ƙanana. Ya juya ya shige.

Sau uku Inna ta sa na maimaita mata a hanya.

"Hoton me? Ko na liƙawa a ƙofa ne, don kada a sake barinsa ya shiga?"

Dakata kuma

Goma da minti biyar muka koma. Baba sai ƙarfe biyu yake tashi. Goggo ta yi ɗanwake, Inna ba ta taɓa ba. Ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbi, ni ina duban agogo.

Biyu da minti talatin da biyar ya shigo, tare da mijin Goggo, Malam Isa makanike. Bai gama sallama ba Inna ta ce wa bango, "Na sauke musu tukunya."

Na ba da labarin tun daga farko. Baba yana ji, yana murza dungulmin hannunsa. Da na kai kan saƙon, sai ya ɗago.

"Guda nawa ya ce?"

"Biyu."

"Ƙanana?"

"Ƙanana, Baba."

Ya zauna a kan turmin Goggo. Malam Isa ne ya buga cinya.

"Kai, Garba! Ɗaya na kati, ɗaya na ofis! Ka taɓa ganin an yi wa ɗan gwaji kati? Tashi mu je wajen mai hoto kafin rana ta yi sanyi. Ka gode Allah hoton ba ya kaiwa hannu."

Goggo ta rangaɗa guɗa. Baba ya shiga ɗaki ya sako farar riga da hular Malam Isa. Da ya fito ya durƙusa gaban Inna, ta juya masa baya, ta ce wa Goggo, "Ki ce masa hular ta karkace." Sannan ta jawo kwanon ɗanwaken da ya riga ya huce.

Komawa gida

Uku da rabi muka kama hanya, mota biyu kamar jiya, raken yana leƙe ta taga. Shida saura minti goma muka sauka a Panshekara. Umma tana bakin zaure da ƙannena huɗu, ba ta tambaya ba, fuskokinmu kawai take kallo. Inna ta miƙa mata raken ta ce, "An riƙe shi. Ki ba ni ruwa, in ba ki labarin mutanen da ke murnar ɓarin madara."

Mun gode wa Oga Sande da Madam Mari, da injiniya da matarsa da ba su riƙe mu da laifi ba, da Goggo Hajara da ta sauke mu, da Malam Tanko da ya ɗauke mu kyauta. Godiya mafi girma ga Allah, da ya kai mu lafiya, ya dawo da mu da abin da ya fi wanda muka kai.